Cigiyar Mutumin Bakin Yashi

A Unguwar Kanawa ta Kaduna, in ka ce kana neman Sharhabil mai wankin hula, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka rumfarsa. Amma in ka ce Sharhabil Mai Cigiya, ko mai kayan miya za ta miƙa hannu ta ce ga shi can gindin dalbejiya. Siririn mutum ne, ya ɗan haura shekara arba'in, fatar yatsunsa ta yi fari saboda sabulu da sitati. Kullum za ka same shi a tsakiyar huluna da ya kifa a kan gwangwanaye suna shan rana, wayarsa na rataye a jikin ƙusa cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta.

Cigiyar gado ya yi. Mahaifinsa, marigayi Malam Abdulmalik, malamin allo ne, kuma duk abin da aka tsinta a unguwa zaurensa ake kai wa: makulli, akuya, tsohon da ya manta hanyar gida. Bayan sallar Azahar sai Malam ya miƙe a masallaci ya yi cigiya. Ba ya taɓa faɗin kamannin abu duka, sai ya rage wani abu a cikinsa, mai shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Sharhabil bai gaji karatun ba, shi da kansa yana cewa allonsa ya fi shi haƙuri. Abin da ya gada shi ne wannan ɗabi'a ta rashin iya ganin abu ba mai shi ya wuce.

Da waya ta shigo hannun kowa, sai ya buɗe shafi a Fesbuk ya sa masa suna Cigiya Daga Kanawa. Da farko shi da abokan hirarsa ne kawai, ana sa katin shaida da aka tsinta a keke-napep. Cikin shekara shida mabiya suka haura dubu tamanin. Shi dai aikinsa ya sa hoto da bayani, jama'a su yi sauran. Wani ya ce ya san unguwar, wata ta ce ta san dangin, wani direba a Kawo ya ce gobe zai bi ta garin. A haka aka mayar da mutane gidajensu da yawa, har Sharhabil ya daina lissafi. Yana da ƙa'ida biyu da ba ya wasa da su. Ba ya sa fuskar mamaci a shafi, kuma ba ya rubuta “an gano” sai wani ya tako da ƙafarsa ya gani da idonsa.

Wata Laraba cikin bazara, zafi tun da hantsi kamar an buɗe murhu, mai unguwar wani yanki na Rafin Guza ya kira shi. Ya ce wani lebura ya yanke jiki ya faɗi a bakin kogi inda ake loda yashi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya duba, hukuma ta rubuta abin da za ta rubuta, ba rauni ba alamar faɗa, an ba unguwa izinin yi masa sutura. Matsalar ita ce ba wanda ya san shi. Ba waya a aljihunsa, ba kati, masu lodin kuma sun ce ranar suka fara ganinsa. Liman ya ce da wannan zafi ba za a bar bawan Allah ya kwana ba, ana idar da La'asar za a kai shi.

Sharhabil ya bar huluna a cikin baho ya hau acaɓa. A zauren mai unguwa ya tarar da mamacin a kan tabarma, an rufe shi da zani. Ya ɗaga ya duba, ya yi masa addu'a, ya mayar. Matashi ne, ba zai wuce talatin da biyar ba. Kayansa duka suna gefe: asuwaki, ɓarin goro, silifas da aka ɗinke da waya, hula, da shebur. Shebur ɗin an naɗe ƙotarsa da baƙar roba, an ɗaura jan ƙyalle a wuyansa, an kafa ƙusoshi uku a jere kusa da mariƙi. Leburorin da ke zama bakin titi da asuba suna jiran mai ɗauka haka suke yi wa kayan aikinsu alama, kowa da tasa.

Hular ce ta fi tsaya masa a rai, don sana'arsa ce. Ba ta kasuwa ba ce. Ɗinkin gida ne, na hannun wadda ba ta ƙware ba amma ta ba abin lokaci, zaren kore ya ƙare mata a tsakiya ta ƙarasa da ruwan ƙasa. Ya ɗauki hoton hular da shebur ɗin, ya rubuta bayani, ya roƙi jama'a don girman Allah su yaɗa, domin La'asar ce iyaka. Ƙarfe goma da rabi ya saki cigiyar.

Kafin sha ɗaya an yaɗa ta sau dubu. Ya zauna a dakalin ƙofar zaure yana bin sharhi ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga a kan gilashin wayar. Yawanci addu'a ce, sai masu tambayar abin da an riga an rubuta a sama, sai wasu marasa ta ido da suka zo tallan turare a ƙarƙashin gawa. Can wani ya rubuta cewa wannan shebur na Gambo ne, mutumin Zamfara, mai zama a bakin gadar Kawo. Ya ce shekara biyu suna aiki tare, ko cikin duhu zai gane jan ƙyallen nan.

Daga nan abin ya ɓalle. Wani ya ce tabbas Gambo ne. Wani ya ce Gambo ɗan Talatu, ai ya san garinsu. Wata ta ce Allahu akbar, ko makon jiya ya kwashe musu ƙasa a ƙofar gida. Cikin rabin awa mutum sittin sun ambaci sunan, wasu har da labarin kirkinsa. Sharhabil ya tambayi na farkon ko zai iya zuwa ya gani, ya ce yana Abuja wajen aiki. Ya tambayi wasu uku, kowa da uzurinsa. Aka ba shi lambar Gambo, ya kira sau huɗu, a kashe. Mutane suka ce to ai ka gani.

Mai unguwa ya leƙo ya tambaya ko an dace. Masu haƙar kabari sun tafi tun ɗazu, likkafani yana wajen tela. A shafi kuma an fara juyowa kansa. Wai me yake jira, wai so yake a binne mutum danginsa ba su ji ba, wai ya cika son a roƙe shi. Wannan maganar ta ƙarshe ta yi masa zafi ƙwarai. Zuciyarsa dai ba ta kwanta ba, domin ya lura duk cikin mutum sittin ɗin nan ba wanda ya ce uffan a kan hular. Amma ya ce a ransa, mutum sittin ba sa haɗuwa a kan kuskure. Sha biyu saura, ya rubuta a saman cigiyar da manyan baƙaƙe cewa an gano shi, sunansa Gambo, a sanar da danginsa, an gode wa kowa.

Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, shaida ɗaya ce tak aka yi ta maimaitawa. Mutum ɗaya ya gane shebur, sauran hamsin da tara sun gane sunan ne a bakin na gabansu. Haka mutanenmu suke a waya, kowa so yake a ce da shi aka yi. Kuma da zarar an ce an gano, shi ke nan, kowa ya rubuta Allah ya jiƙansa ya wuce gaba, ba mai ƙara kallon hoton da idon nema. Cigiyar ta tsaya cik kamar an kashe famfo.

Sharhabil ya yi Azahar a masallacin unguwar, aka kawo masa fura ya sha. Har ya fara jin sanyin an sauke nauyi. An yi wa mamacin wanka, an sa shi a likkafani, an bar wajen fuska ba a ɗaure ba ko wani ɗan'uwa zai iso daga cikin gari.

Wajen ƙarfe uku sai ga wani dogon mutum ya diro daga bayan acaɓa tun bai gama tsayawa ba. Jikinsa fari fat da siminti, idanunsa jajur. Ya tsaya a tsakiyar mutane yana haki.

“Wane na Mai Cigiya cikinku?”

Sharhabil ya miƙe.

“Ni na Gambo,” in ji mutumin. “Ni anka ce na mutu. Uwata ta suma, Malam. Yanzu haka ana yayyafa mata ruwa. Mi ni yi maka?”

Ashe kwana huɗu ke nan Gambo ya samu aikin kwaɓa siminti a wani gini a Kurmin Mashi, can yake kwana, wayarsa ba caji. Sai da ya kai ta shagon caji ya kunna, kiran ƙanwarsa ya shigo tana kururuwa, ta ji muryarsa ta yar da wayar. Sharhabil ya durƙusa a gaban mutumin da ya girme wa, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, ya yafe masa don Allah. Mai unguwa da Liman suka sa baki, aka zaunar da Gambo aka ba shi ruwa. Da ƙyar ya karɓa.

Da numfashinsa ya dawo, Liman ya nuna masa shebur ɗin. Gambo ya ce nasa ne. Ya yi bayani cewa su a bakin gada, in mutum ya samu aikin gini na kwanaki, ba ya barin shebur ɗinsa a jingine, sai ya ba wani sabon zuwa da bai da kayan aiki ya ci abinci da shi kafin ya dawo. Shi ma haka aka yi masa shekarar da ya zo. Ranar Asabar da zai tafi ya ga wani baƙo a tsugune gefe hannu rabbana, sai ya miƙa masa.

Aka shiga da shi zaure, Liman ya buɗe fuskar. Gambo ya daɗe yana kallo, fushin nan duk ya zube daga fuskarsa.

“Shi na,” ya ce a hankali.

“Sunansa fa?” in ji Sharhabil. “Garinsu? Ko wa ya sani a Kaduna?”

Gambo ya girgiza kai. “Ban san sunanai ba. Mu sai mutum ya yi mako muna ganinai kana mu tambaya, don wasu kwana biyu su kai su wuce. Na dai ji harshenai kamar na wajen Katsina. Ya ce mani ya baro mata da ɗiya biyu, in ruwa ya sauka zai koma gona. Iyakar abin da munka yi ke nan.”

Sharhabil ya duba agogon waya. Uku da kwata. Awa uku da rabi ya zubar da hannunsa, awannin da mutane ke hutun rana suna riƙe da waya. Ya fita da sauri ya goge sanarwar, ya rubuta sabuwa. Ya ce Gambo na da rai, kuskuren daga gare shi ne, mamacin har yanzu ba a san ko wane ne ba, a dubi hular don Allah, a bar shebur. Don sauri, sai da ya sake rubuta layi ɗaya sau uku.

Jama'a suka dawo, amma ba nema suka dawo yi ba. Wasu dariya, wasu zagi, wasu na cewa dama sun san ba Gambo ba ne, alhali sunayensu na nan cikin masu shaida. Wanda ya fara ambaton sunan ya goge sharhinsa ya yi shiru. Labarin wanda ya je jana'izar kansa ya fi daɗin yaɗawa, shi aka ɗauka aka yi ta yawo da shi, hoton hular kuwa ko mutum ɗari ba su tura ba. Takaici ya ishi Sharhabil har ya ji kamar ya jefa wayar a kwata.

Maimakon haka sai ya koma tsohuwar cigiyar, ya fara bin sharhin tun daga farko, ɗaya ɗaya, ya tsallake duk inda ya ga sunan Gambo. A can tsakiya, inda ruwan shaidu ya binne shi, ya ga wani gajeren rubutu na wata mai suna Ummulkhairi, an yi shi sha ɗaya da minti ashirin. Ta ce hular nan kamar wadda ƙanwarta ta ɗinka wa mijinta, shi ma ya tafi Kaduna neman aiki, don Allah a ba ta lambar da za ta kira. Ba wanda ya amsa mata. A ƙasa kaɗan, bayan ya sanar an gano, ta sake rubutu. Ta ce alhamdu lillahi ashe ba shi ba ne, Allah ya jiƙan wannan, ya ba iyalansa haƙuri.

Ya buɗe shafinta. Hoton fure ne a madadin fuska, ba gari, ba lamba, ba wani rubutu sai gaisuwar Juma'a ta watannin baya. Irin matan nan ne da ke sayen data ta yini ɗaya, su leƙa su fita. Ya tura mata saƙo da lambarsa, ya kira ta ta cikin manhajar, ba ta kan layi. Ya sa sunanta a saman shafi ya roƙi duk wanda ya san ta ya buga mata. Masu suna Ummulkhairi huɗu suka amsa, ba ita a ciki.

Ladan ya kira La'asar. Sharhabil ya tari Liman a bakin masallaci.

“Allah gafarta Malam, a ƙara mini awa ɗaya. Akwai wadda ta gane hular.”

Liman ya dube shi da tausayi. Ya ce ya ga halin da gawar ke ciki, zafin nan ba ya jira, haƙƙin mamaci ne a gaggauta masa. Zai ja addu'a bayan salla, zai sa a tafi a hankali, iyakar abin da zai iya ke nan. Sharhabil ya ce to ko ya sa fuskar a shafi, sau ɗaya dai, ko Allah zai sa wani ya gane. Shi da kansa ya ji nauyin maganar a bakinsa. Liman ya ce ya ga abin da mutanen nan suka yi da sunan mai rai yau, yana ganin me za su yi da fuskar wanda ba zai iya kare kansa ba? Ya ce gara Sharhabil ya ɗauki hoton fuskar ya ajiye a wayarsa, duk wanda ya zo da ƙafarsa a nuna masa.

Haka aka yi. Sharhabil ya shiga zaure shi kaɗai ya ɗauki hoton, aka ɗaure likkafani. A sahun salla wayar na aljihun gabansa, duk motsin da ta yi sai zuciyarsa ta buga, kuma ya san ba daidai ba ne mutum ya tsaya gaban Ubangiji hankalinsa na aljihu. Mutane sun taru fiye da zato, leburori da masu lodin yashi da 'yan unguwa. Da aka zo ɗaukar makara, Gambo ne ya fara sa kafaɗa, bai kuma yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

A bakin kabari Sharhabil ya sake dubawa. Saƙon na nan yadda ya tura shi, ba a buɗe ba. Liman ya tambaya ko akwai ɗan'uwan mamaci da zai shiga ya karɓe shi. Gambo ya tuɓe silifas ya sauka. Aka jera itace, aka sa ganye, aka kwaɓa ƙasa aka rufe. Liman ya yi addu'a ya ce Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, shi ya san sunansa ko da mu ba mu sani ba. Kowa ya shafa ya ce amin. Sharhabil ya yarda da maganar har zuciyarsa, amma ba ta rage masa komai ba.

Ya roƙi mai unguwa ya bar masa hular. Bai wanke ta ba, don kada ta sauya kama. Ya sa ta a leda ya ajiye a akwatin da yake sa hulunan manyan mutane. Washegari ya auna taku daga bakin ƙofar maƙabarta zuwa kabarin ya rubuta, saboda in damina ta sauka kaburbura kan zama iri ɗaya.

Yau wata biyar ke nan. Shafin na nan yana aiki, mabiya ma sun ƙaru, har an manta da abin da ya faru, in ban da masu tsokanarsa da cewa shi ne mai kashe mutum ya tashe shi. Yakan yi murmushi ya ci gaba da cuɗa hula. Duk ranar Laraba yana sake sa hoton hular nan, mutum goma ko sha biyar su yi addu'a su wuce. Mutum uku sun zo da ƙafarsu sun ga fuskar, ba nasu ba ne. Saƙon Ummulkhairi har yanzu ba a buɗe ba, wataƙila wayar ta lalace, wataƙila ta manta lambar sirrinta ta buɗe wani shafin.

Abin da ke cin Sharhabil shi ne ya san abin da matar nan ta yi a ranar. Ta kira ƙanwarta, ko ta taka ta same ta, ta ce mata ta kwantar da hankalinta, an bincika, ba shi ba ne, Mai Cigiya da kansa ya faɗa. Ruwa ya sauka, an yi shuka, an yi noma, har gero ya fara nuna. A wani ƙauye da bai san sunansa ba akwai mace mai 'ya'ya biyu da ba ta yi takaba ba, wadda in an tambaye ta ina maigidan, takan ce yana Kaduna, aiki ne ya riƙe shi.